Ƙayyade Sani da Tabbatar da Shi a Manhajoji Masu Rumbun Sani

Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 1970 masana ilmin kwamfuta suka duƙufa wajen ƙera wata irin manhaja wadda aikinta ya wuce lissafin albashi da ƙidayar kaya, ya kai ga yanke hukunci irin wanda a da sai gwani ne kaɗai ke yanke shi: wace cuta ke damun majiyyaci, wane magani ya dace da shi, waɗanne sassa za a harhaɗa a tayar da na'ura. Irin wannan manhaja tana da ɓangarori biyu. Na farko shi ne rumbun sani, watau tarin ƙa'idojin da aka tatso daga bakin ƙwararru ko daga littattafansu, galibi bisa sigar sharaɗi da jawabinsa: idan kaza da kaza suka tabbata, to hukunci kaza ne. Na biyu shi ne injin istinbaɗi, wanda ba ruwansa da fannin da ake magana a kai, aikinsa kawai ya riƙa bin ƙa'idojin yana ɗora wannan bisa waccan har ya iso ga hukunci.

Fitacciya a cikinsu ita ce MYCIN, wadda Edward Shortliffe ya ƙera a Jami'ar Stanford ta Amurka domin gano ƙwayoyin cutar da ke shiga jini da masu haddasa sanƙarau, tare da ba da shawarar maganin da ya kamata. A shekarar 1979 aka buga sakamakon wata jarrabawa da aka yi mata. An ɗauki bayanin majiyyata goma masu sanƙarau, aka ba MYCIN, aka kuma ba wasu likitoci, sa'an nan aka miƙa amsoshin ga ƙwararru takwas ba tare da sun san amsar wa suke dubawa ba. Kashi 65 cikin ɗari na hukuncin ƙwararrun ya amince da shawarar MYCIN, alhali malaman likitanci biyar da aka gwada ta da su sun sami tsakanin kashi 42.5 da 62.5. Wannan sakamako abin alfahari ne, amma majiyyata goma ne kawai. Me zai faru da na goma sha ɗaya, wanda alamominsa suka zo a wata haɗuwa da ba a taɓa gwadawa ba? Tambayar da ta haifar da fannin da wannan maƙala za ta duba ke nan. Ita kuwa MYCIN, duk da sunan da ta yi, ba a taɓa sa ta aikin yau da kullum a asibiti ba.

Kalmomi uku ne za su riƙa dawowa, don haka ya kamata a daidaita ma'anarsu tun yanzu. Ƙayyadewa ita ce rubuta abin da ake bukatar manhaja ta yi da harshen lissafi da manɗiƙi, wanda kowace jimla a cikinsa ma'ana ɗaya tak gare ta. Tabbatarwa ita ce kafa hujja cewa manhajar ta dace da wancan ƙayyadajjen bayani. Tantancewa kuwa ita ce auna manhajar da zahirin duniya da kuma bukatar masu amfani da ita. Barry Boehm ya bambanta biyun na ƙarshe da tambayoyi biyu da suka shahara a fannin: ta ɗaya tana tambaya ko an yi ginin daidai, ta biyu tana tambaya ko ginin da aka yi shi ne wanda ake bukata.

Misali daga nahawu

Domin a ga abin ƙuru-ƙuru, a ƙaddara an so a koya wa na'ura fid da jinsin suna a Hausa, sai aka zuba mata ƙa'idoji uku. Ta farko: idan suna ya ƙare da wasalin a, to tamata ne. Ta biyu: idan ya ƙare da e, i, o ko u, to namiji ne. Ta uku: idan sunan gari ne, to tamata ne. Aka ba ta riga, ta ce tamata. Aka ba ta doki, ta ce namiji. Aka ba ta Zariya, ƙa'ida ta farko da ta uku suka haɗu a kan amsa guda. Mai gwaji da ya tsaya a nan zai tafi da murna.

To amma da za a ba ta Kano, sai ƙa'ida ta biyu ta ce namiji, ta uku ta ce tamata. Wannan shi ne karo. Da za a ba ta tebur ko fensir, sai ta yi shiru, domin babu ƙa'idar da ta yi tanadin sunan da ya ƙare da baƙi. Wannan shi ne giɓi. Da kuma wani zai ƙara ƙa'idoji biyu, ɗaya ta ce sunan da ke ɗaukar ce tamata ne, ɗayar ta ce sunan tamata shi ke ɗaukar ce, to na'urar da ke neman jinsi za ta tafi neman ce, neman ce kuma ya komo da ita neman jinsi, ta yi ta kewayawa ba ranar fita. Wannan shi ne kewaye. Na huɗunsu shi ne maimaici, watau a sami ƙa'idoji biyu masu faɗin abu guda, ko ɗaya ta haɗiye ɗaya.

Abin lura shi ne, duk waɗannan aibobi huɗu ana iya gano su ta duban siffar ƙa'idojin kawai. Wanda bai taɓa jin Hausa ba, in aka gaya masa cewa sunan gari yana iya ƙarewa da o, kuma suna ba ya zama namiji da tamata a lokaci guda, zai hango karon ƙa'ida ta biyu da ta uku tun kafin ya ji kalmar Kano. Na'ura ma haka. Amma a ba wannan rumbu kalmar gida, ko ruwa, ko nama. Ƙa'ida ta farko za ta ce tamata, babu wata ƙa'ida da za ta yi mata gardama, babu giɓi, babu kewaye. Rumbun ya tsallake kowane bincike na siffa, amsar kuwa kuskure ce, domin babu Bahaushen da zai ce gida ta rushe. Wannan kuskure sai mai harshen ne zai kama shi. Nan ne iyakar tabbatarwa, nan ne kuma tantancewa ke farawa, kuma yawancin ruɗanin da ake samu game da abin da hujjar lissafi ke iya lamuncewa daga rashin kiyaye wannan iyaka yake tasowa.

Masu binciken ƙa'idoji

Yunƙurin farko na sa na'ura ta binciki rumbun sani ya fito ne daga gidan da MYCIN ta fito. A 1976 Randall Davis ya kammala TEIRESIAS, wadda ke taimaka wa likita ya bi sawun hukuncin da bai gamsu da shi ba, ƙa'ida bayan ƙa'ida, har ya iso inda aka kauce, sa'an nan ya gyara ko ya ƙara sabuwa. A 1982 Suwa da Scott da Shortliffe suka bayyana wani mai bincike da suka yi wa ONCOCIN, manhajar da ke ba da shawara kan magungunan ciwon daji. Dabararsu mai sauƙi ce: a tattara duk ƙa'idojin da ke yanke hukunci kan abu guda, a zana jadawalin kowace haɗuwar sharuɗɗa da za ta yiwu, a duba gurbin da ƙa'idoji biyu suka faɗa da hukunci mabambanta da kuma gurbin da ya zauna wayam. A tsakiyar shekarun 1980 Nguyen da abokan aikinsa a kamfanin Lockheed suka fito da CHECK, wadda ta ƙara da neman kewaye da ƙa'idojin da babu hanyar da za a taɓa isa gare su.

Mai karatu zai iya cewa maimaici ai ba aibi ba ne, tun da faɗin gaskiya sau biyu ba ya mai da ita ƙarya. A manɗiƙi tsantsa haka ne, amma ba a MYCIN ba. A can kowace ƙa'ida tana ɗauke da ma'aunin yaƙini, wata lamba tsakanin -1 da +1, kuma idan ƙa'idoji biyu suka goyi bayan hukunci guda, sai a ɗauki ma'aunin ta farko a ƙara masa kason ta biyu daga abin da ya rage a cika ɗaya. Saboda haka ƙa'idar da ma'auninta 0.6 ne, in an rubuta ta sau biyu bisa kuskure, za ta ba da 0.6 da ƙarin 0.6 na ragowar 0.4, watau 0.84. Shaida ɗaya ce ta shigo ta ƙofa biyu aka ƙidaya ta shaidu biyu, likita kuma ya ga yaƙinin da babu shi.

Raunin waɗannan masu bincike na farko shi ne ƙa'idoji bibbiyu suke gwamawa. Karo kuwa yana iya ɓuya a ƙarshen doguwar sarƙa: ƙa'ida ta kai ga wata, waccan ta kai ga wata, sai a mataki na biyar a iske hukuncin ya ci karo da na wata sarƙar dabam, alhali babu wasu ƙa'idoji biyu da za a ɗora gefe da gefe a ga saɓaninsu. A 1988 Allen Ginsberg na ɗakunan binciken Bell (ba mawaƙin nan mai irin sunansa ba) ya kawo hanyar da ke warware kowace sarƙa har ƙasa, ta fid da ainihin bayanan farko da kowane hukunci ya dogara a kansu, sa'an nan ta gwama. Hanyar tana kama abin da na baya suka rasa, sai dai tsadarta tana iya zarce misali. Dalili kuwa na lissafi ne: tambayoyi 30 kacal masu amsar i ko a'a suna haifar da haɗuwa 1,073,741,824, kuma kowace tambaya da aka ƙara ninka adadin take yi. Shi ya sa gwaji ɗaya-ɗaya ba zai taɓa ƙure rumbu mai girma ba. Edsger Dijkstra ya riga ya yi nuni tun a 1969 cewa gwaji yana iya bayyana kuskuren da ke nan, amma ba ya iya shaidar cewa babu kuskure.

Sanin da ke ɓoye a cikin ƙa'ida

Akwai wata matsalar da ta fi ta lissafi zurfi, kuma William Clancey ne ya tono ta sa'ad da ya so ya yi amfani da ƙa'idojin MYCIN wajen koyar da ɗaliban likitanci. Zaton da ake yi a lokacin shi ne kowace ƙa'ida ƙwayar sani ce mai zaman kanta, ana iya ɗauke ta a kai ko'ina. Clancey ya tarar ba haka ba ne. Akwai ƙa'idar da ke cewa, a taƙaice, idan majiyyaci ya haura shekara 17, kuma mashayin giya ne, to a yi zaton ƙwayar cuta kaza. Sharaɗin shekarun nan ba shi da alaƙa da ƙwayar cutar ko kaɗan. An sa shi ne a gaba domin kada na'ura ta tambayi likita ko jariri mashayi ne. Ke nan a cikin jimla guda an cakuɗa sanin likitanci da ladabin tambaya da kuma tsarin abin da za a fara nema, kuma jerin sharuɗɗan kansa yana ɗauke da ma'anar da ba a rubuta ba. Wanda ya zo daga baya ya sauya jerin, yana ganin bai taɓa ma'ana ba, ya sauya halin manhajar bai sani ba. Haka kuma ƙa'idar da ke hana ba yaro ƙarami maganin tetracycline ba ta faɗi dalilin hanin ba, watau illar da yake yi wa haƙora masu tasowa, don haka na'urar ba ta da hanyar sanin lokacin da tsananin ciwo zai rinjayi wannan illa.

A masana'antu abin ya fito fili ta wata fuskar. XCON, wadda John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon ya fara da sunan R1, ta shiga aiki a kamfanin Digital Equipment a 1980, tana tsara sassan kwamfutocin VAX gwargwadon odar mai saye. Ta yi amfani ƙwarai. Amma zuwa 1987 ƙa'idojinta sun kai wajen 6,200, kuma kusan rabinsu ake sauyawa kowace shekara saboda sababbin kayan da kamfanin ke fitarwa. Masu kula da ita suka kai matsayin da taɓa ƙa'ida ɗaya ke tayar da wata a can nesa, har ya zama dole a sake rubuta ta bisa wani sabon tsari da aka kira RIME. A nan tambayar ta sauya. Kafin a ce rumbu daidai yake, sai an faɗi daidai da me. Ga manhajar lissafin albashi akwai dokar haraji da za a auna ta da ita. Ga manhajar gwaninta kuwa, sau da yawa rumbun shi ne kaɗai rubutaccen bayanin abin da ake so, ba a kuwa auna abu da kansa.

Ƙayyadewa da harshen lissafi

Masu ƙera manhajoji na yau da kullum sun riga sun yi nisa a wannan hanya. Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 sun nuna yadda za a kafa hujja a kan manhaja kamar yadda ake kafa ta a kan mas'alar lissafi: a faɗi abin da ya tabbata kafin a fara, a faɗi abin da ake so ya tabbata bayan an gama, a nuna kowane mataki yana kiyaye alkawarin. Daga nan aka sami harsunan ƙayyadewa irin su VDM, wanda ya fito daga ɗakin binciken IBM na Viyana, da Z, wanda Jean-Raymond Abrial ya assasa aka raine shi a Jami'ar Oxford, da kuma B, shi ma na Abrial, wanda da shi aka gina manhajar tsaron layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Faris, layin da aka buɗe a 1998 ba tare da direba ba. Ba a ce kowace tambaya game da kowace manhaja tana da amsar da na'ura za ta fitar da kanta ba. Alan Turing ya rufe wannan ƙofa tun 1936, da ya nuna babu wata hanya guda da za ta faɗi ko kowace manhaja za ta tsaya ko ba za ta tsaya ba. Abin da ake yi shi ne mutum ya ja ragamar hujjar, na'ura ta ɗauki wahalar ƙananan matakai ta kuma hana shi tsallake.

Kafin a ɗora wannan a kan manhajoji masu rumbun sani sai da aka sami hanyar rarrabe abin da Clancey ya iske a cakuɗe. Allen Newell ya share fage a 1982 da ra'ayinsa cewa akwai matakin sani, wanda a kansa ake bayanin abin da manhaja ta sani da abin da take nufin cim ma ba tare da an ambaci yadda aka rubuta ta ba. Clancey kansa ya nuna a 1985 cewa manhajoji da dama da ake gani mabambanta dabara guda suke bi a ƙarƙashi. A Turai kuwa, Bob Wielinga da Joost Breuker da Guus Schreiber na Jami'ar Amsterdam suka jagoranci tsarin KADS, wanda daga baya ya zama CommonKADS. Tsarin ya raba gwaninta hawa-hawa: hawan sanin fanni, inda ake faɗin cututtuka da alamominsu, hawan istinbaɗi, inda ake faɗin ire-iren matakan tunani, kamar zaɓo zato ko gwada shi da alama, da hawan aiki, inda ake faɗin wane mataki ke gaba da wane, da kuma yaushe za a tsaya.

KADS ta fara ne da zane-zane da bayanin Turanci, kuma nan da nan aka ga masana biyu suna iya karanta zane guda su fahimci abu biyu. Harshen mutane haka yake. Likitan da ya rubuta a ba da magani kaza ko magani kaza bai faɗi ko an yarda a haɗa biyun ba, kuma wanda ya rubuta a sake awo in zazzaɓi ya daɗe bai faɗi kwana nawa ne daɗewa ba. Abokin aikinsa zai cike gurbin da hankalinsa, na'ura kuwa ba ta da abin cikewa. Saboda haka a farkon shekarun 1990 aka fito da harsunan ƙayyadewa na musamman. Frank van Harmelen da John Balder suka bayyana (ML)² a 1992, inda kowane hawa na KADS ya sami irin manɗiƙin da ya dace da shi. A Jami'ar Karlsruhe ta Jamus, Jürgen Angele da Dieter Fensel da Rudi Studer suka yi KARL, wanda fifikonsa shi ne ana iya sa na'ura ta gudanar da bayanin kai tsaye a ga yadda zai yi aiki. A ɗaya jami'ar ta Amsterdam, watau Vrije Universiteit, Jan Treur da jama'arsa suka yi DESIRE. Gaskiyar magana ita ce babu ɗaya daga cikin harsunan nan da ya sami karɓuwa a masana'antu yadda masu shi suka yi fata, domin koyonsu da wuya, rubutu da su kuma da cin lokaci. Amfaninsu ya fi fitowa ta wajen abin da suka tilasta wa masana su lura da shi.

Hujjar da ta ƙi kammaluwa

Mafi armashin abin da aka lura da shi ya fito ne daga aikin Fensel da Arno Schönegge a ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da suka yi amfani da KIV, na'urar kafa hujja da aka ƙera a Karlsruhe, wadda Wolfgang Reif ya yi fice wajen rainonta. Sun raba manhaja gida huɗu: aikin da ake so a yi, dabarar warware shi, sanin fannin, da kuma mahaɗin da ke ɗaure ukun. Kowane gida yana da hujjar da ake binsa bashi. Dole a nuna dabarar za ta tsaya, dole a nuna tana cika abin da ta yi alkawari, dole kuma a nuna alkawarin nata ya wadatar da aikin.

Misalin da suka yi aiki da shi ya cancanci a bi shi a hankali. Aikin shi ne a samo bayanin alamomin majiyyaci wanda ya cika, watau ya game dukkan alamomin, kuma ba shi da ƙari, watau babu wani yanki nasa da shi kaɗai zai wadatar. Dabarar kuwa ita ce a fara da tarin zato mai yawa, a riƙa cire ɗaya ana dubawa. In bayanin bai ragu ba a yar da wanda aka cire, a ci gaba, har a kai inda cire kowane ɗaya zai bar wata alama ba bayani. Da ido, dabarar ta yi daidai da aikin. Da aka zo kafa hujja sai ta cije a wuri guda, domin dabarar ɗaya-ɗaya take cirewa, aikin kuwa yana magana ne a kan kowane yanki, har da wanda sai an cire biyu ko uku a tare za a same shi. Inda hujjar ta cije ya nuna sharaɗin da ya ɓace: sai in ƙara zato ba ya taɓa rage alamomin da aka bayyana. In wannan ya tabbata, hujjar ta wuce, domin da akwai ƙaramin yanki mai wadatarwa, to duk tarin da ya ƙunshe shi ma zai wadatar, har da wanda aka cire wa ɗaya tak, dabarar kuwa da ba ta tsaya a nan ba.

To, shin sharaɗin gaskiya ne? A wasu fannoni i, a wasu a'a. A jikin ɗan Adam ana samun cuta ta danne alamar wata, wannan tana ɗaga wani awo waccan tana saukar da shi. Inda haka ke faruwa dabarar tana iya tsayawa da zato uku alhali ɗaya ya isa. Ba a ce dabarar ta lalace ba, an dai gano farashinta, kuma an rubuta shi a fili inda mai ɗaukar ta zuwa wani fanni zai gani. Fensel da Schönegge suka mai da wannan hanya ta musamman: a fara hujjar da ake kyautata zaton ba za ta kammalu ba, da niyyar a ga inda za ta tsaya. Ta haka ake fito da zato iri-iri da masu ƙira ke yi ba su faɗa ba, kamar zaton cewa abu ɗaya ne kawai ya lalace a na'urar da ake bincike, ko cewa jerin cututtukan da ke rumbun ya game duk wanda zai yiwu. Dalilin yawan irin wannan zato shi ne matsalolin da ake ba waɗannan manhajoji, in an bar su yadda suke, sun fi ƙarfin lissafi cikin lokaci mai ma'ana, don haka kowace dabara mai sauri da wani rangwame ta sayi saurinta.

Daga ɗakin bincike zuwa asibiti

A farkon shekarun 2000 wani aikin haɗin gwiwa na jami'o'in Turai mai suna Protocure ya juya waɗannan kayan aiki zuwa ga littattafan jagora da likitoci ke bi. Suka ɗauki biyu: jagoran Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka kan shawarar jarirai sababbin haihuwa, da jagoran likitocin iyali na ƙasar Holan kan ciwon sukari nau'i na biyu. Suka fara juya su zuwa Asbru, harshen da aka ƙera domin rubuta tsare-tsaren jiyya, daga nan zuwa KIV. A cikin jagororin biyu, waɗanda kwamitocin ƙwararru suka rubuta kuma ake aiki da su a wancan lokacin, an tarar da jimloli masu harshen damo da giɓi da saɓani da maimaici. Da yawa daga cikin aibobin tun a wajen juyawar suka bayyana, kafin a kai ga hujja, domin mai juyawa ba shi da damar wuce jimla bai yanke ma'anarta ba. An buga cikakken bayanin aikin a 2006.

A wannan lokacin ne kuma akalar fannin ta karkata zuwa ga manyan ƙamusoshin ma'ana, inda ake ƙayyade kowace kalma ta fanni da dangantakarta da sauran. Harshen OWL, wanda hukumar da ke daidaita ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 2004, an gina shi ne a kan wani reshe na manɗiƙi da aka rage wa ƙarfi da gangan domin na'ura ta iya kammala bincikensa ita kaɗai. Darasin harsunan 1990 ke nan aka ɗauka: gara harshen da bai iya faɗin kome da kome ba amma ana iya bincikarsa. SNOMED CT, ƙamusun kalmomin likitanci da aka fara fitarwa a 2002, mai ɗauke da ma'anoni fiye da 300,000, a kan irin wannan manɗiƙi yake, kuma na'ura ce ke jera ma'anoninsa, ta faɗi wace ke ƙarƙashin wace.

A cikin wannan jeri ne aka taɓa iske na'ura ta sa yanke yatsa a ƙarƙashin yanke hannu, watau duk wanda aka yanke wa yatsa, a hukuncin ƙamusun, an yanke masa hannu. Na'urar ba ta yi kuskuren istinbaɗi ba, kuma babu wani karo da zai sa ta yi ƙara. Mutum ne ya duba ya ga abin bai yiwu ba. Franz Baader da abokan aikinsa a Jami'ar Dresden suka ƙera hanyar da ke bin hukunci a baya ta tsamo mafi ƙarancin jimlolin da suka haife shi, kuma a wannan mas'ala jimloli shida ne daga cikin fiye da 350,000. Tushen abin shi ne ƙamusun yana da ma'ana ɗaya ta hannu ɗungum, da wata ta hannu ko wani sashe nasa. Ta biyun ita ce daidai wajen bayanin rauni, domin rauni a yatsa lalle rauni ne a hannu. Wanda ya rubuta bayanin yankewa sai ya ɗauki ta biyun a inda ta farkon ta kamata.